Kumbon Apollo 13: wai sa'a ce ta dawo da mutanen nan ko iya aiki?

Baban Sadiq mai sola: Assalamu alaikum yan zaure. Jiya na raba dare ina karanta labarin kumbon Apollo 13, wlh har bacci ya ƙaurace min, kuma ba fashewar ce ta hana ni bacci ba, abin da ya jawo fashewar ne. Ga wanda bai sani ba, ran 11 ga Afrilu 1970 aka harba shi daga Florida ta Amurka da mutum uku, Jim Lovell shine shugaba sai Jack Swigert da Fred Haise, za su sauka a wata a wani wuri da ake ce wa Fra Mauro, da abin ya yi kyau su ne ayari na uku da zai taka wata. Sun yi wajen awa 56 suna tafiya, sun yi nisan kusan kilomita 320,000 daga duniya, sai aka ce wa Swigert daga ƙasa ya kunna fankar da ke motsa oksijin a cikin tanki, abu ne da aka saba yi ba wani sabo ba, yana kunnawa ba a jima ba tanki na biyu ya yi bindiga. Ran 17 ga wata suka dawo da ransu su ukun. To tambayata, sa'a ce ko iya aiki? Ni na ce aiki ne, maƙwabcina a kasuwa ya ce sa'a ce zalla, har mun so mu ɓata a kai.

Gaskiya Ɗaya Ce: Wa alaikumus salam. Ku dai kuna da lokaci wlh. Ba wanda ya je wani wata, fim ne suka haɗa a sahara suka raina wa duniya hankali, shekara sama da 50 me ya hana su komawa

Ummi Ɗaliba: Toh an fara 😂 Malam Fizis kana ina

Malam Fizis: Ga ni Ummi. Ƙanena Gaskiya, in fim ne, wane mai fim ne zai kashe maƙudan kuɗi ya shirya wanda zai nuna kayansa sun lalace, ya kunyata kansa a gaban Tarayyar Sobiyet da suke gasa da ita? Su Sobiyet ɗin suna da na'urorin bin diddigin kumbo, da ƙarya ne su za su fara fasa ƙwai, amma a wannan makon taimako ma suka yi tayi, har jiragen ruwa suka tura ko za a buƙace su wurin tsamo mutanen. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, sun kawo duwatsu da ƙasa kilo 382, kuma kumbon Indiya Chandrayaan-2 ya ɗauko hoton inda Apollo 11 da 12 suka sauka, Indiya fa ba Amurka ba. Amma mu bar wannan kar mu kashe wa Baban Sadiq zance.

Gaskiya Ɗaya Ce: Hoto kuma ai yanzu ko ni zan haɗa maka a waya Malam

Admin: Gaskiya an ji naka, a bari a yi maganar da aka buɗe don Allah.

Baban Sadiq mai sola: Yauwa na gode Admin. Bari in faɗa muku abin da ya tsaya min a rai. Tankin nan tun 1968 aka fara cutarsa, asali a jikin kumbon Apollo 10 yake, wajen ciro shi a masana'anta aka manta ba a kwance wani noti ba, ya kuɓuce ya faɗi, faɗuwar ma ba ta fi santimita 5 ba, tsawon ɗan yatsa kenan. Aka dudduba aka ce lafiya lau. Na biyu kuma wanda ya fi ci min rai, a cikin tankin akwai hita, kuma hitar tana da ɗan makunnin da ke yanke wuta da kansa in zafi ya kai wajen digiri 27, irin na dutsen guga dai. An ƙera wannan makunnin ne don wuta bolt 28. A 1965 aka canza ƙa'ida aka ce kayan su iya ɗaukar bolt 65 na wurin harbawa, aka canza sauran abubuwa amma wannan ɗan makunnin ba wanda ya canza shi, kuma ba wanda ya lura, shekara biyar fa jama'a, takardu sun bi hannu nawa.

Ummi Ɗaliba: To Baba in tun 1965 ne me ya sa sauran kumbunan ba su fashe ba?

Baban Sadiq mai sola: Tambaya mai kyau yata. Don su ba a taɓa matsa wa makunnin nasu ya yi aiki da babbar wuta ba. Shi wannan, a watan Maris 1970 aka yi gwaji a wurin harbawa, aka cika tankin aka zo zazzagewa ya ƙi fita yadda ya kamata, ana zaton wani bututu ne ya goce tun waccan faɗuwar. Sai suka ce to bari mu kunna hita oksijin ɗin ya tafasa ya fice da kansa. Suka bar ta a kunne wajen awa 8 da bolt 65. Makunnin ya zo zai yanke sai wutar ta fi ƙarfinsa, bakinsa ya narke ya manne kamar an yi masa walda, hita ta ci gaba da ci. An ƙiyasta zafin ya kai wajen digiri 540 a wani sashe, rigar wayoyin ta ƙone ta bar su tsirara. Kuma ku ji wani abin takaici, akwai mutum zaune yana kallon geji, amma gejin iyakar abin da zai iya nunawa bai kai digiri 30 ba, to allura ta je ƙarshe ta tsaya, shi kuma yana ganin ai daidai inda ake so take. Ni wlh nan ne na ajiye waya na yi shiru, don na taɓa ganin irinsa da idona. Wani gida aka kira ni, mai gidan ya ƙara faranti da batura ya mayar da tsarin bolt 48, wanda ya yi masa aikin ya bar ƙaramin burika na tsohon tsari don wai "ai yana aiki". Wata uku yana aiki kuwa. Ranar da ya tashi nuna hali sai da silin ɗin kicin ya ci wuta, na buɗe akwatin na ga bakin burikar a manne baƙi ƙirin yana warin roba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Malam Baban Sadiq to ai kai da bakinka ka kashe hujjarka. Mutanen da suka yi wannan sakacin su ne kake cewa iya aikinsu ya maido su? Ni ina bayan maƙwabcinka. Ka duba lokacin da abin ya fashe. Suna kan hanyar zuwa, ƙaramin kumbon sauka da suka sa wa suna Aquarius yana maƙale da su, cike da iska da ruwa da batir ba a taɓa ba. Da sai sun sauka wata sun dawo sun yar da shi sannan tankin ya fashe, wa zai cece su? Babu. Kuma shi wannan Lovell ɗin ya je zagayen wata a Apollo 8 cikin Disamba 1968, wannan tafiyar ba su da kumbon sauka sam, da can ne ya faru da tuni an yi sadakar bakwai. In wannan ba sa'a ba ce mi ne ne?

Malam Fizis: Ɗan Damagaram ya kawo magana mai nauyi gsky, lokacin fashewar kam ba wanda ya zaɓa. Amma ka ƙara da wannan: samun Aquarius kawai ba zai isa ba. An ƙera shi ne ya riƙe mutum 2 na wajen awa 45, sai gashi zai riƙe mutum 3 kusan awa 90. Kuma tun lokacin shirin Apollo 10 an taɓa yi wa ma'aikatan ƙasa atisaye da irin wannan matsalar, suka kasa tayar da ƙaramin kumbon a kan lokaci, a takarda yan sama jannatin suka mutu. Abin ya dame su, suka zauna suka rubuta matakan da za a bi in an wayi gari hakan ta faru da gaske. Wannan rubutun ya yi rana a 1970.

Maman Hanif Nas: Ni ban gane ba Malam, tanki ɗaya ya fashe ba biyu ne ba? Ɗayan fa?

Malam Fizis: Anti fashewar ta taɓa bututun ɗayan, shima ya dinga tsiyaya a hankali. Kuma oksijin ɗin nan ba na shaƙa ba ne kawai, shi ake haɗawa da haidurojin a cikin wasu na'urori guda uku su ba da lantarki, ruwan sha kuma ya fito a matsayin rara. Kenan abu ɗaya ya lalace, iska da wuta da ruwa duk suka tafi tare. Da farko ma a Houston, inda ɗakin kula da tafiyar yake, an zaci na'urar awo ce ke ƙarya, don a tunaninsu ba yadda za a yi abubuwa da yawa haka su mutu lokaci guda. Sai bayan kusan minti 14 Lovell ya leƙa taga ya ce yana ganin wani abu kamar hayaƙi yana fita daga jikin kumbon. Nan jikin kowa ya yi sanyi. Suka kashe babban kumbon Odyssey gaba ɗaya don a adana ƙananan baturan da za a shigo duniya da su, abin da ba a taɓa yi ba a sararin sama, suka kwashi lissafin inda kumbon ya fuskanta suka mayar cikin kwamfutar Aquarius, Lovell da fensir yake lissafin yana roƙon yan ƙasa su duba masa ko ya yi kuskure.

Ummi Ɗaliba: Me ya hana su juyowa kawai su dawo? Ni da mota ce ai ribas zan yi 😅

Malam Fizis: An yi wannan gardamar a ɗakin kula, Gene Kranz ne shugaban da ke kan aiki lokacin, Glynn Lunney ya karɓe shi bayan kamar awa ɗaya. Juyowa kai tsaye sai an kunna babban injin da ke jikin sashen da ya fashe, ba wanda ya san halin da yake ciki, ƙila kana kunnawa ya ƙarasa tarwatsewa, kuma sai an yar da Aquarius don a rage nauyi. Sai suka zaɓi doguwar hanya, a bar kumbon ya zagaya bayan wata, ƙarfin jan wata ya wurgo shi gida kamar majajjawa. Suka kunna injin saukar Aquarius na ɗan daƙiƙa 30 da wani abu don hawa wannan hanyar, bayan sun zagayo da awa 2 suka sake kunna shi minti 4 da ɗoriya, wannan ya rage musu wajen awa 10 kuma ya mayar da wurin faɗawa daga tekun Indiya zuwa Fasifik inda jiragen ceto suke. A bayan watan ne suka kai nisan kilomita 400,171 daga duniya, aka yi sama da shekara 50 ba ɗan adam ɗin da ya sake kaiwa nan.

Ɗan Zongo Kumasi: Ina gaisuwa manya. Ni dai abin da na sani game da Apollo shine ciwon ido 😂 mu nan Ghana har gobe in idonka ya yi ja yana ruwa cewa ake ka kamu da apolo

Alhaji Baba Tsohon Ma'aikaci: Ɗana ai mu ma afolo muke cewa. A wurinku ma aka fara ganin annobar a 1969, ta zo daidai da saukar Apollo 11, mutane suka ce ƙurar wata aka kwaso. Ni ina saurayi lokacin wannan na 13 ɗin, watanni uku kenan da gama yaƙin basasa, hankalin mutane yana kan yan uwa da ke dawowa daga bakin daga. A rediyon wani mai shayi muka ji ana cewa turawa uku sun maƙale a sama. Na tuna wani dattijo ya kurɓi shayinsa ya ce to me suka je nema, ƙasa ta yi musu kaɗan ne. Amma washegari shi ya riga kowa zuwa tambayar ko sun sauko. Kuma ku yaran yanzu ba ku sani ba, Amurkawa sun taɓa kafa tashar bin kumbo a Kano.

Ummi Ɗaliba: Kai Baba da gaske?? Kenan da mu aka ceto su 💪

Malam Fizis: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ne an yi tashar a Kano, amma Ummi kar ki kai labarin makaranta haka. Ta yi aiki ne zamanin shirin kumbunan Mercury da Gemini a shekarun 1960, masu zagaya duniya kusa kusa. Na wata sai manyan faranti, irin na Goldstone a Amurka da na kusa da Madrid a Sifen da na Ostareliya, har da babban farantin Parkes aka roƙa ya shigo don siginar Aquarius ta yi rauni sosai da suka rage wuta. Sai dai shi Lovell ya yi Gemini 7 a 1965, kwana kusan 14 yana zagaya duniya, lokacin Kano tana cikin jerin tashoshin.

Maman Hanif Nas: Ni ɓangaren jikinsu ne ya fi ba ni tausayi, don na san abin da rashin ruwa ke yi wa mutum. Ruwan da kowa ke sha a rana bai wuce mililita 200 ba, ko rabin ledar fiya wata bai kai ba, a yini guda fa, don na'urorin kumbon ma da ruwa ake sanyaya su kuma su aka fifita. Sanyi ya sauka har wajen digiri 3, kamar ka kwana cikin firji da yar riga, ba bargo, bango duk raɓa, abinci ba ruwan zafin da za a jiƙa shi. Sannan aka ce su daina zubar da fitsari waje kar ya karkatar da kumbon daga hanya, suka dinga tarawa a leda suna neman inda za su cusa. Haise ya kamu da ciwon mafitsara ga zazzaɓi yana rawar sanyi. Su ukun sun zubar da kilo 14 a kwana shida, Lovell kaɗai wajen kilo 6. Abin da nake so ku gane, mutumin da bai sha ruwa ba bai yi bacci ba ƙwaƙwalwarsa ba ta aiki daidai, mu in mun yi dutin dare biyu a jere har allura sai mun karanta sau uku. Shi ya sa abin da Swigert ya yi ya burge ni, ya rubuta A'A da turanci a takarda ya manna a kan makunnin da ke yar da Aquarius, don kar gajiya ta sa ya danna abokansa suna ciki. Mutumin da ya san bai yarda da kansa ba a wannan halin, wannan ai ba sa'a ba ce.

Ɗan Damagaram: Anti wannan kam na yarda hankali ne. Amma shi Swigert ɗin ma ai ba shi ne zai tafi ba, Ken Mattingly ne, kwana kaɗan kafin tashi aka cire shi wai ya yi mu'amala da wanda ya kamu da ƙyandar Jamus, kuma ƙyandar ba ta taɓa fito masa ba. Sai ga shi yana cikin masu gwada matakan tayar da Odyssey a ƙasa. Wa ya tsara wannan in ba Allah ba?

Alhaji Baba Tsohon Ma'aikaci: Ɗana duka Allah ne ya tsara, har da fensirin Lovell. Kwanansu ne bai ƙare ba. Amma ba a ce don kwana na gaba mutum ya saki raƙuminsa ba ɗauri ba. Ku kuna ta raba abu biyu da ba sa rabuwa.

Gaskiya Ɗaya Ce: Apollo 13, an harba ƙarfe 13:13 agogon Houston, ya fashe ran 13 ga wata. Ku ce min ba shiri ba ne

Maman Hanif Nas: Ɗazu ka ce ba a je ba, yanzu kuma camfin turawa ka aro 😂 ka tsaya wuri ɗaya mana ƙanena

Baban Sadiq mai sola: Hhhh ku bar shi. Ni bari in kawo wanda ya fi min daɗi a labarin, don aikin hannu ne irin namu. Numfashin da suke fitarwa ya fara taruwa zai shaƙe su, don matatun iskar Aquarius na mutum biyu ne na kwana biyu. Akwai matatu da yawa a Odyssey amma su masu kusurwa huɗu ne, ramin Aquarius kuma zagayayye, kamfani daban daban suka ƙera kowa ya yi nasa. Kun ga wani sakacin kuma. Sai wani injiniya Ed Smylie da yaransa suka tara irin tarkacen da suka san akwai a cikin kumbon, leda, kwalin bangon littafin aiki, tiyon rigar sama jannati, da salatif mai ƙarfi, suka haɗa a ƙasa suka gwada ya yi. Matsalar ba hoto za a tura ba, ba WhatsApp, da baki za a karanta musu ta rediyo, yanki salatif tsawon hannunka, lanƙwasa kwalin kamar rumfa kar ledar ta manne, haka haka har suka gama. Wanda ya taɓa gyara wa kwastoma inbata ta waya ya san azabar da ke ciki, kana cewa jar waya yana taɓa baƙa.

Ɗan Zongo Kumasi: Wannan ai kanikancin bakin titi ne wlh, da sun kira kanikawan Suame Magazine na nan Kumasi da minti goma an gama 😂

Malam Fizis: Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro a wurina. Kumbon ya dinga gocewa kaɗan kaɗan daga hanya, kuma ƙofar shigowa duniya siririya ce, faɗinta wajen digiri biyu, in ka shigo a tsaye da yawa ka ƙone, in ka kwanta da yawa iska ta tunkuɗe ka waje kamar dutsen da yaro ya jefa a saman ruwa. Kwamfuta a kashe, taurari ba sa ganuwa don tarkacen fashewar na ƙyalli kewaye da su kamar taurari. Sai suka saita da duniya kanta ta taga, Lovell na riƙe da ɓangare ɗaya Haise ɗaya, Swigert na kallon agogon hannu yana ƙirga daƙiƙa 14, suka kunna suka kashe. Sannan tayar da Odyssey da ya kwana uku a mace cikin sanyi, injiniya John Aaron da su Mattingly suka tsara wane makunni za a fara da wane za a bari don batir ya kai, karanta wa Swigert jerin kawai ya ci wajen awa biyu yana rubutawa da hannu. Allon makunnan jiƙe yake sharkaf da raɓa, kowa na tsoron tartsatsi. Bai yi ba, kuma dalili shine bayan gobarar Apollo 1 ta Janairu 1967 da ta kashe yan sama jannati Grissom da White da Chaffee an sake rufe wayoyin kumbon sosai.

Baban Sadiq mai sola: Allahu akbar, wannan ban sani ba Malam. Kenan mutuwar waɗancan ukun tana cikin abin da ya tsare waɗannan.

Ɗan Damagaram: To garkuwar zafi fa, wadda ke hana Odyssey ƙonewa wurin shigowa duniya? Tana manne da sashen da ya fashe. Da suka saki sashen suka gan shi ta taga, bango guda ya ɓalle tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya iya duba ko garkuwar ta tsage, ba abin da za a yi ko ta tsage, haka suka shigo da gudun kusan kilomita 40,000 a awa. Nan wane iya aiki ne ya rage? Ko su injiniyoyin addu'a suke. Sadarwa ta yanke kamar minti 6, ta wuce abin da aka saba da fiye da minti ɗaya, ɗakin kula tsit.

Baban Sadiq mai sola: Nan kam na sallama maka, ba ni da ta cewa. Ni dai abin da ba zan yarda ba shine a ce sa'a ZALLA. Kuma ka lura da wani abu, da suka dawo ba a ce tunda an tsira a rufe maganar ba, an kafa kwamiti ƙarƙashin Edgar Cortright, suka bi tankin nan tun daga ranar da aka ƙera shi, suka fito da maganar makunnin bolt 28 a fili kowa ya karanta, kuma an tuntuɓi shi Lovell kafin tashi ya amince da tafasa tankin don bayanin da aka ba shi bai nuna haɗari ba, canza tankin kuma zai ɗage tafiyar da wata guda. Aka cire fankokin, aka ƙara tanki na uku a wani gefe daban, aka ƙara batir. Apollo 14 ya je Fra Mauro ɗin a Fabrairu 1971. Ni a gidan da na ba ku labari, mai aikin farko har yau cewa yake wutar nefa ce ta ƙona silin, gidan da ko layin nefa babu.

Maman Hanif Nas: 😂😂 Baban Sadiq ka kashe ni. Allah sarki Lovell dai, sau biyu yana zuwa bakin wata bai taka ba. A 2025 ya rasu yana da shekara 97. Swigert kuma ya ci zaɓen majalisar wakilai daga Colorado a 1982, ciwon daji ya kashe shi kafin a rantsar da shi.

Ummi Ɗaliba: Ni na ji wai Swigert ɗin yana sama ya tuna bai cike takardar haraji ba, gaskiya ne ko zuƙi ta malle?

Malam Fizis: Gaskiya ne, kafin fashewar ne ma, saurin da aka yi wurin sa shi cikin tafiyar ya sa ya manta, ya faɗa ta rediyo yan ɗakin kula suka dinga dariya. An ɗaga masa ƙafa a kan cewa ba ya cikin ƙasar. Sun faɗa tekun Fasifik ta kudu kusa da Samoa, jirgin yaƙin Iwo Jima ya tsamo su, tafiyar duka ta ci awa 142 da minti 54.

Gaskiya Ɗaya Ce: To wa ya ɗauki hoton sashen da ya fashe in ba a sutudiyo ba ne

Malam Fizis: Su da kansu ta taga bayan sun sake shi, shi ya sa hoton ya yi dishi dishi. Ƙanena ka zo gida ranar Asabar in nuna maka, akwai shayi.

Ɗan Zongo Kumasi: Malam ni ma a sa min kofi. Wai da gaske an kai wa wani kamfani bil ɗin janwe?

Malam Fizis: Da wasa ne amma an rubuta. Mutanen Grumman da suka ƙera Aquarius suka aika wa North American Rockwell masu Odyssey takardar kuɗin janwe ta ɗaruruwan dubban daloli, kuɗin kowane mil daban, har da kuɗin cajin batir da na ƙarin baƙo ɗaya a ɗaki.

Ummi Ɗaliba: Sun biya?

Malam Fizis: Ina fa. Cewa suka yi ai mu mun kai muku naku wata har sau uku a baya ba mu karɓi ko sisi ba.

Baban Sadiq mai sola: Irin kwastomomina kenan 😂 bari in tashi, ga wani can yana ta kira wai inbatarsa tana kuka tun la'asar.